Yaƙin Basasar Amurka: Abin da Aka Yi a Tudu da Abin da Ruwa Ya Yanke

Duk wanda ya karanta tarihin yaƙin basasar Amurka, wanda aka gwabza daga 1861 zuwa 1865, sunayen da ke fara maƙale masa a ka su ne na filayen daga, irin su Bull Run da Antietam da Gettysburg, inda dubban dakaru suka faɗi cikin yini guda ko kwana biyu zuwa uku. Mu mutanen Zazzau, da yake mutanen tudu ne waɗanda yawancinmu ba su san ruwan da ya wuce Galma da Kubanni ba, ba abin mamaki ba ne idan hankalinmu ya fi karkata ga labarin dawakai da igwogi da janar-janar. Amma a nawa ganin, manyan gumurzun da aka yi a tudu sun zubar da jini ne fiye da yadda suka yanke hukunci, kuma abin da ya karya 'yan awaren Kudu a hankali ya faru ne a kan koguna da bakin teku, inda sojan ruwa da sojan ƙasa suka haɗa hannu.

Asalin rikicin sananne ne. A watan Nuwamba na 1860 aka zaɓi Abraham Lincoln shugaban ƙasa a ƙarƙashin jam'iyyar da ke adawa da yaɗa bauta zuwa sababbin yankunan yamma, sai jihohin Kudu, waɗanda arzikinsu ya dogara kan auduga da bayin da ke noma ta, suka fara ɓallewa ɗaya bayan ɗaya, har suka kai 11, suka naɗa Jefferson Davis shugabansu, daga baya suka mai da hedikwatarsu Richmond. Arewa tana da mutane wajen miliyan 22 da mafi yawan masana'antu da layukan dogo, Kudu kuwa tana da wajen miliyan 9, waɗanda kimanin miliyan 3 da rabi daga cikinsu bayi ne. A wannan zamanin Sarki Abdullahi ɗan Hamada ne ke sarautar Zazzau, kuma bai kamata mu karanta wannan labari kamar bauta baƙon abu ce a wurinmu ba, domin a lokacin rinjoji cike suke da bayi a ƙasar nan, ko da yake tsarin ya bambanta.

Harbin farko ma a bakin ruwa aka yi shi. Ranar 12 ga Afrilu 1861 igwogin Kudu suka buɗe wuta kan sansanin Sumter, wanda aka gina a tsakiyar mashigar jiragen ruwa ta Charleston, washegari kuma kwamandansa Robert Anderson ya miƙa wuya. Mako guda bayan fara harbin, ranar 19 ga Afrilu, Lincoln ya ba da sanarwar toshe tashoshin jiragen ruwan Kudu. A takarda abin ya yi kama da cika baki, domin gaɓar tekun da za a tsare ta kai mil 3,500, ga mashigai da tsibirai barkatai, alhali jiragen yaƙin da ke bakin aiki a lokacin 42 ne kawai, wasunsu ma suna can nesa a wasu tekuna. Dattijon janar ɗin Arewa Winfield Scott ne ya kawo shawarar a datse Kudu ta teku, sannan a bi kogin Misisifi a raba ta biyu, a bar ta ta galabaita. Jaridu suka yi wa shirin ba'a, suka laƙaba masa sunan wata ƙatuwar mesa mai kashe dabba da matsa, saboda jama'a suna son a tafi Richmond kai tsaye a gama komai kafin shekara ta ƙare.

An gwada hakan kuwa. Ranar 21 ga Yuli 1861 aka haɗu a Bull Run, har wasu 'yan majalisa da masu hannu da shuni suka fito daga Washinton a kekunan doki domin kallo, da yamma kuma suka dawo a guje tare da sojojinsu da aka tarwatsa. Tsakanin Washinton da Richmond bai wuce mil 100 ba, amma sai da aka shafe kusan shekara huɗu kafin sojan Arewa ya taka birnin. Babban dalili shi ne makami ya canza, dabarar yaƙi kuwa ta tsaya inda take. Hafsoshin ɓangarorin biyu, waɗanda da yawansu makarantar soja ɗaya suka yi a West Point, an koya musu jera dakaru kafaɗa da kafaɗa su tunkari abokan gaba, dabarar da ta dace da tsohuwar bindiga wadda ba ta samun abin da ta nufa sai an matso kusa. Sabuwar bindigar tana da zane a cikin bututunta wanda ke juya harsashin dalma, don haka tana iya kayar da mutum daga nisan yadi ɗari biyu ko uku. Wanda ya fake bayan katanga ko cikin rami ya fi wanda ya taso masa a fili riba nesa ba kusa ba. Haka aka gani a Fredericksburg a watan Disamba na 1862, inda aka yi ta tura dakarun Arewa jere bayan jere zuwa wata katangar dutse suna zubewa. Kuma duk da wannan ɓarna, cuta ta fi harsashi kisa, domin cikin kowane soja uku da suka mutu, kimanin biyu atuni ne ko taifot ko ciwon huhu ko makamantansu suka kashe su a sansani.

A yamma labarin ya sha bamban, saboda a can koguna suna ratsawa cikin ƙasar Kudu kamar hanyoyin da aka share wa mai kai hari. Wani injiniya mai suna James Eads ya ƙera wa Arewa jirage 7 masu sulken ƙarfe, marasa nitsewa sosai a ruwa, waɗanda za su iya bin kogi da igwoginsu. Da su ne Andrew Foote ya ragargaji sansanin Henry a bakin kogin Tennessee ranar 6 ga Fabrairu 1862, har sansanin ya miƙa wuya kafin sojojin janar ɗin Arewa Ulysses Grant su gama ratso taɓo su iso. Kwana goma bayan haka sansanin Donelson na kogin Cumberland ya faɗa hannun Grant tare da fursunoni sama da 12,000, ko da yake a nan igwogin sansanin sun yi wa jiragen rauni ƙwarai, sojan ƙasa ne ya ƙarasa aikin. Kafin watan ya ƙare Nashville, babban birnin jihar Tennessee, ta faɗi ba tare da an yi faɗa a kanta ba. Layin dogo ana iya tumɓuke shi da dare, gada ana iya ƙona ta, amma babu mahayin dokin da zai iya tumɓuke kogi, kuma jirgin ruwa guda yana ɗaukar abincin da sai keken alfadarai masu yawan gaske za su ja. Ko a Shiloh, ranakun 6 da 7 ga Afrilu, inda aka yi asarar mutum wajen 23,000 tsakanin matattu da masu rauni da waɗanda aka kama, kuma janar ɗin Kudu Albert Sidney Johnston ya mutu, jiragen yaƙi biyu ne suka kwana suna jefa harsasai kan mayaƙan Kudu, yayin da wasu jiragen ke tsallako da sababbin dakaru waɗanda suka juya akalar faɗan da safe.

Gumurzun ruwa da ya fi shahara ya faru ne a Hampton Roads, a jihar Virginia. Kudu ba ta da ƙarfin ƙera jirage da yawa, don haka ministan sojan ruwanta Stephen Mallory ya ƙudurta cewa jirgi ɗaya da harsashi ba ya hudawa ya fi goma na katako. Suka tono gangar jikin wani jirgin gwamnati mai suna Merrimack, wanda sojojin Arewa suka ƙona suka nutsar lokacin da suke janyewa, suka yi masa rufi mai gangara da katako mai kauri da faranten ƙarfe, suka ɗaura masa ƙahon ƙarfe a goshi, suka sa masa suna Virginia. Ranar 8 ga Maris 1862 ya fito. Ya tunkuyi jirgin Arewa mai suna Cumberland ya huda shi har ya nitse ma'aikatansa suna ci gaba da harbi, ya tilasta wa Congress miƙa wuya sannan aka cinna masa wuta, Minnesota kuma ya kafe a yashi yana jiran tasa ƙaddarar. Harsasan da aka yi ta antaya wa Virginia suna dukan ƙarfe ne su fanɗare. A yinin nan Arewa ta rasa mutum sama da 240.

Cikin daren nan sai ga wani abu ya iso daga New York wanda ma'aikatan jirgi ba su taɓa ganin irinsa ba. Sunansa Monitor, jirgin Arewa ne ƙirar John Ericsson ɗan asalin Suwidin, an kuma ƙera shi cikin kwana ɗari da 'yan kai. Bayansa shimfiɗaɗɗe ne, da kaɗan ya ɗara saman ruwa, a tsakiya kuma ga wani ɗaki na ƙarfe mai zagaye, sai ka ce an kifa kwano a kan faifai. Igwa biyu kacal ke cikin ɗakin, amma injin tururi yana juya shi ya fuskanci duk inda ake so ba tare da an juya jirgin ba. Da gari ya waye jiragen biyu suka shafe wajen awa huɗu suna musayar wuta, wani lokaci har suna gogar juna. Virginia yana da nauyi, yana buƙatar ruwa mai zurfi, kuma juyawa kawai takan ci masa sama da rabin awa, shi kuwa Monitor yana zagaya shi yadda ya ga dama, sai dai mutanen da ke cikin ɗakin igwar, cikin zafi da hayaƙi da ƙarar ƙarfe, sukan rasa gane gabas da yamma idan ɗakin ya juya. Wani harsashi ya fashe a jikin ɗan ramin da kyaftin John Worden ke leƙe ta ciki, ya makantar da shi na ɗan lokaci. A ƙarshe kowa ya janye ba a nutsar da kowa ba. Ana yawan cewa an tashi kunnen doki, amma ni ina ganin Arewa ce ta ci, domin Virginia ya fito ne don ya buɗe hanyar teku, kuma hanyar ta ci gaba da zama a rufe. A watan Mayu mutanensa da kansu suka tarwatsa shi don kada ya faɗa hannun abokan gaba, Monitor kuma igiyar ruwa ta nutsar da shi kafin asubahin ranar ƙarshe ta wannan shekara tare da mutum 16.

Abin da ya fi wannan tasiri, ko da yake ba a cika ba shi labari da armashi ba, shi ne faɗuwar New Orleans, birni mafi girma a Kudu kuma babbar kasuwar audugarta. Kafin asubahin 24 ga Afrilu 1862, David Farragut, wanda haifaffen Kudu ne amma ya tsaya tare da gwamnatin tarayya, ya ratsa da jiragensa na katako tsakanin sansanoni biyu da ke gadin kogin, cikin duhu da ruwan harsasai da kwale-kwalen wuta da aka sako masa. Washegari yana gaban birnin, wanda aka riga aka kwashe yawancin dakarunsa zuwa wasu fagagen. A watan Yuni Memphis ta bi sahu, bayan wani faɗan jirage da mutanen gari suka tsaya a kan tudu suna kallo.

A gabas kuwa janar ɗin Kudu Robert E. Lee, wanda babu shakka gwani ne a fagen daga, ya yi ta cin nasarorin da ba sa ƙarar da yaƙi. Da ya tsallaka Maryland aka tare shi a Antietam ranar 17 ga Satumba 1862, yini mafi zubar da jini a tarihin Amurka, inda asarar ɓangarorin biyu ta kusa 23,000. Lee ya koma gida da rundunarsa. Amfanin wannan rana na siyasa ne, domin ita ta ba Lincoln damar shelanta 'yantar da bayin da ke jihohin tawaye daga 1 ga Janairu 1863, abin da ya sa ya yi wa Ingila da Faransa wuya su fito fili su goyi bayan Kudu.

Makon farko na Yulin 1863 shi ne ya fi nuna abin da nake nufi. A Gettysburg aka yi kwana uku ana fafatawa, ranar ƙarshe kuma Lee ya tura dakaru wajen 12,500 su ratsa fili buɗaɗɗe zuwa tsakiyar rundunar Arewa ta George Meade, inda kusan rabinsu ba su dawo lafiya ba. Jimillar asara ta kai wajen 50,000. Duk da haka Lee ya janye da sauran mutanensa, ya ci gaba da yaƙi har kusan shekara biyu. A daidai ranar da ya fara janyewa, 4 ga Yuli, can a bakin Misisifi garin Vicksburg ya miƙa wuya. Garin yana kan wani tudu mai tsawo da ke kallon lanƙwasar kogin, ta nan ne kuma shanun Texas da gishiri da sukarin Louisiana ke tsallakowa zuwa ga rundunonin gabas. Grant ya ɓata watannin sanyi yana haƙa magudanai cikin fadama don ya kauce wa igwogin garin, duk a banza. Sai a daren 16 ga Afrilu kwamandan jiragen Arewa David Porter ya jibga dilolin auduga da ciyawa a jikin jiragensa domin kare tukunyar tururi, ya bi ta ƙarƙashin igwogin ya wuce, jirgi ɗaya kawai ya rasa. Da waɗannan jirage aka tsallakar da rundunar Grant ta kudancin garin, ya ci faɗa biyar cikin ƙasa da mako uku, ya kora kwamandan Kudu John Pemberton cikin ramukan tsaron garin. Sau biyu ya kai farmaki ana mayar da shi da asara, sai ya haƙura ya yi wa garin ƙawanya, sojan ƙasa ta tudu, jirage ta ruwa. Kwana 47 aka yi. Mutanen gari suka haƙa ramuka a jikin tudu suka koma ciki da yaransu, aka ci naman alfadari, jaridar garin kuma da takarda ta ƙare sai aka riƙa buga ta a bayan takardar ado ta bangon ɗaki. Dakaru wajen 29,000 suka ajiye makamai, runduna guda cur ta fita daga lissafi, kuma da Port Hudson ta faɗi ranar 9 ga Yuli, kogin ya koma hannun Arewa daga sama har teku.

Baƙar fata ba 'yan kallo ba ne a wannan yaƙi. A watan Mayu na 1862 wani bawa mai suna Robert Smalls, matuƙin jirgin Planter a Charleston, ya jira hafsoshin farar fata suka sauka kwana a gari, ya ɗauko iyalinsa da na abokan aikinsa, ya sa hular kyaftin, ya busa alamar da aka saba a gaban kowane sansani har ya fice ya miƙa jirgin ga sojan ruwan Arewa masu tsaron teku. Daga baya ya zama ɗan majalisar tarayya. Kimanin baƙar fata 180,000 ne suka shiga sojan ƙasa na Arewa, ban da dubban da ke jiragen yaƙi. Cikinsu har da ɗan Borno, Muhammadu Ali ɗan Sa'idu, haifaffen Kukawa, wanda aka sace yana yaro aka ratsa hamada da shi zuwa Tarabulus, ya yi bauta a Istanbul, ya zauna Rasha, ya zagaya Turai, sannan a 1863 ya shiga runduna ta 55 ta Massachusetts da sunan Nicholas Said.

Kudu ta yi ƙoƙari a teku da ɗan abin da take da shi. Jirgin Alabama, wanda aka ƙera mata a ɓoye a Ingila, ya yi kusan shekara biyu yana farautar jiragen kasuwancin Arewa, ya kama sama da 60, har ya yada zango a Cape Town, kafin jirgin Arewa Kearsarge ya nutsar da shi a gaɓar Faransa ranar 19 ga Yuni 1864. Bayan yaƙi sai da Birtaniya ta biya Amurka diyyar dala miliyan 15 da rabi kan wannan ɓarna da makamantanta. A watan Fabrairun wannan shekara kuma Hunley, ɗan jirgin ƙarƙashin ruwa wanda mutane ke murɗa farfelarsa da hannu, ya nutsar da jirgin Arewa Housatonic da nakiya, shi ma bai dawo ba, mutanensa 8 suka tafi tare da shi. Duk waɗannan sun ba da tsoro, amma babu wanda ya buɗe tasha ko guda.

Akwai masu cewa toshewar ba ta yi tasirin da ake zuzutawa ba, tunda mafi yawan jiragen fasa-ƙwauri da ke tasowa daga Nassau da Bermuda suna kuɓuta. Gaskiya ne suna kuɓuta, kuma bindigogi da albarushin da suka shigo da su sun tsawaita yaƙin. Sai dai ƙananan jirage ne da aka ƙera don gudu, ba don ɗaukar kaya ba, manyan jiragen da a da ke lodin auduga kuwa sun daina zuwa gaba ɗaya. Ƙarfen gyaran layin dogo ya yanke, magani ya yi wuya, gishirin adana nama ya zama abin nema, kuɗin Kudu ya zube, har a watan Afrilu na 1863 mata suka fasa shaguna a Richmond suna neman burodi. Duk ɗan Nijeriya da ya san yadda sojan ruwa ya kama Bonny da Kalaba a 1967, sannan Fatakwal ta faɗi a 1968, da abin da ya biyo baya na yunwa a yankin Biyafara, ya san cewa irin wannan dabara ba ta da ƙara kamar igwa, kuma talaka da ƙananan yara ne ke fara ɗanɗana kuɗarta.

A 1864 aka ƙara matsa. Grant, wanda yanzu shi ne babban kwamanda, ya manne wa Lee da asara mai ban tsoro har ya tsare shi cikin ramuka a Petersburg. Jama'ar Arewa sun gaji, Lincoln da kansa yana tsammanin zai faɗi zaɓe, sai Farragut ya kutsa mashigar Mobile ranar 5 ga Agusta duk da nakiyoyin da suka nutsar masa da jirgin Tecumseh a gaban idonsa, sannan William Sherman ya kama Atlanta a farkon Satumba. Ko tafiyar da Sherman ya yi yana ƙone gonaki da layukan dogo har Savannah ta yiwu ne saboda ya san jiragen abinci na jiransa a bakin teku. Ranar 15 ga Janairu 1865 jirage da dakaru suka haɗu suka kama sansanin Fisher, wanda ke gadin Wilmington, tasha ta ƙarshe da ke ciyar da rundunar Lee. A lokacin jiragen Arewa sun haura 600. Ranar 9 ga Afrilu Lee ya miƙa wuya a Appomattox, kuma daga cikin abubuwan da aka fara yi bayan sa hannu akwai raba wa sojojinsa abinci. An daɗe ana ƙiyasta mamatan yaƙin da 620,000, wasu masana na baya-bayan nan kuma suna kai su wajen 750,000.

Toshewar nan ta taɓa ƙasarmu ta hanyar da ba kowa ke lura da ita ba. Kafin yaƙin, wajen kashi uku cikin huɗu na audugar da masaƙun Lancashire na Ingila ke sarrafawa daga jihohin Kudu na Amurka take zuwa. Shugabannin Kudu ma da kansu suka fara riƙe audugar a 1861, da zaton Ingila za ta shigo yaƙin don ta ceci masaƙunta, amma sai ma'aikata dubbai suka rasa aiki, 'yan kasuwa kuma suka juya ga Masar da Indiya. Masu masaƙun ba su manta da wannan wahala ba, kuma tsoron sake dogara da ƙasa ɗaya yana cikin abin da ya sa suka kafa ƙungiyar bunƙasa noman auduga a Manchesta a 1902, wadda mutanenmu suka sani da Bisije. Ƙasar Hausa, wadda ta daɗe tana noman kaɗa don masaƙanta da marinanta, na cikin wuraren da suka fi sa wa rai. Da layin dogo ya iso Zariya a 1911 aka kafa injin gurza a garin, aka riƙa raba wa manoma angurya ta irin Amurka mai dogon zare, daga baya kuma tashar binciken noma ta Samaru ta ɗauki aikin inganta irin. Manoman Kano sun ba Turawan mamaki, suka zaɓi gyaɗa saboda ta fi kawo kuɗi, amma a ƙasar Zazzau da kudancin Katsina, wajen Funtuwa da Malumfashi, audugar ta kama ƙasa sosai, har ta zama abin da ake biyan haraji da shi shekara da shekaru.